Gurnanin Damƙau

Wani mutum ne a nan Funtuwa, Haladu sunansa. Amma in ka shiga tasha ka ce kana neman Haladu, mutum huɗu za a nuna maka. Ka ce Na-Riga-Ku, ko baƙon da ya sauka jiya zai kai ka gaban teburinsa. Tabarau yake sayarwa da agogo.

Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce ka je Abuja, ya riga ka, tun ana saran daji. Ka ce ka yi zazzaɓi, shi ya fara yin irinsa, likitoci ma a jikinsa suka koya. Ranar da wani direba ya ce ya ga kura a hanyar Birnin Gwari, Haladu ko ɗago kai bai yi ba, yana goge tabarau ya ce, "Mai ɗingishin nan? Ni na ji mata ciwon."

To, duk wanda ya tashi a zamaninmu ya san Dodannin Tulu. Katun ne da ake nunawa a talabijin da yamma muna yara. Labarin wani ɗan makiyayi ne da ya tsinci tuluna bakwai a kogo, kowanne da dodo a ciki. In azzalumai suka taso, sai ya buɗe tulu ɗaya, dodo ya fito ya yi musu kaca-kaca. Babbansu shi ne Damƙau: kore shar, ido uku, ƙaho ɗaya, wutsiya kamar taɓarya. Bulalar da muka sha a kan Damƙau saboda makara zuwa Islamiyya, in aka tara ta za ta yi shingen gona.

Mun girma, mun yi gemu, wasunmu har da furfura, amma abin bai sake mu ba. Har ƙungiya muka kafa: Ƙungiyar Masoya Dodannin Tulu, Reshen Funtuwa. Babu wani reshe a ko'ina a duniya, amma mun ga sunan ya fi nauyi a haka. Shugabanmu Jazuli mai aski, shekara shida yana riƙe da hatimin ƙungiya, a shagonsa kuma muke zama. Sakatariyarmu Zubainatu, mai shagon magani da ke jikin nasa. Ita kam ko cikin barci ka tashe ta ka ce a kashi na nawa Damƙau ya haɗiye jirgin ruwa, za ta faɗa maka, har da launin jirgin.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani kamfani a Legas zai mayar da Dodannin Tulu fim na mutane. Mutane na gaske, dodanni kamar ka taɓa. Muka yi wata uku ba mu da wata hira. Ran nan da hantsi sai ga tallan fim ɗin ya fito, na minti biyu. Zubainatu ta shigo shagon Jazuli da wayarta a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Muka yi caa a kanta. Jazuli na tsakiyar yi wa wani bawan Allah aski, ya bar shi da rabin kai.

Aka danna.

"Tsaya! Tsaya!" in ji Jazuli. "Wane ne wannan mai tumbin?"

"Ɗan makiyayin ne," in ji Zubainatu.

"Da gashin baki? Wannan ai ya aurar da 'ya!"

Aka ci gaba. Mai tumbi ya shiga kogo, ya durƙusa, ya jawo abin da dodo ke ciki.

"Kula ce!" wani ya ƙwalla. "Wallahi kular abinci ce! Ina tulun?"

Kafin mu farfaɗo daga wannan, sai ga Damƙau da kansa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kore dai ba kore ba, kamar miyar kuka da ta kwana biyu ba a ɗumama ba. Haƙoransa irin na mutane, jere reras, kamar zai yi tallan man goge baki. Ido kuwa biyu.

"Ɗaya, biyu," Jazuli na ƙirgawa da reza a jikin waya. "Ina na ukun? Zubainatu, koma baya, ko yana ƙeya."

Ba ya ƙeya.

Shago ya kaure. Wani ɗan ƙungiya, Mudi mai faci, ya rantse ba zai ƙara sa abinci a bakinsa ba sai an mayar wa Damƙau idonsa. Wani ya ce a rubuta wa majalisa. Shi kansa mai rabin askin, wanda bai taɓa jin sunan Damƙau ba sai ranar, ya miƙe da kumfa a wuya yana cewa wannan cin amana ne.

Muryar da ta fi ta kowa tashi kuwa ta Haladu ce, don shi ma ɗan ƙungiya ne.

"Na riga ku gani! Tun bara na san za su ɓata shi. Duk wanda ya sa hannu a fim ɗin nan bai san darajar iyayensa ba!"

"Ku yi shiru, saura kaɗan," in ji Zubainatu.

A daƙiƙar ƙarshe, dodon nan mai haƙoran talla ya ɗaga kai sama, ya wangale baki.

Gurrrrr-hooooo-ɓurrrrr!

Daga ƴar wayar nan fa. Amma sai da madubin shago ya yi rawa. Kyanwar da ke kwance bakin ƙofa ta yi tsalle ɗaya ta bar unguwar. Tsigar jikin kowa ta tashi. Gurnani ne mai zafi, mai baƙin ciki, kamar an tara wa dodo takaicin shekara dubu ya amayar lokaci guda.



Can sai Jazuli ya ce, "Wannan kam... sun yi."

Aka sake sawa. Aka kuma. Sau tara.

Zubainatu ta dafe ƙirji ta ce, "Ko ma wane ne ya yi muryar nan, namiji ne. Wallahi da zan gan shi, da na gaishe shi da hannu biyu."

A nan ne shaiɗan ya zauna wa Haladu a kafaɗa. Don shekara biyu ke nan yana zarya shagon Zubainatu. Kullum kansa na ciwo, kullum sai ya sayi maganin ciwon kai. A ɗakinsa akwai wanda zai ishi asibiti. Ita kuwa ban da "Allah ya sawwaƙe" ba ta taɓa ce masa komai ba.

Ya yi gyaran murya. Ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

"Ashe dai za ku gane," ya ce a hankali.

"Mu gane me?"

"Na so in ɓoye. To, Allah ya tona."

Jazuli ya ajiye reza. "Haladu, kada ka fara."

"Kun tuna bara da na yi sati biyu ban fito tasha ba?"

"Ai ce mana aka yi basir ne ya kwantar da kai."

"Haka na ce a faɗa. Ina Legas. Mutum ɗari huɗu suka gwada, har da wani Bature mai wuya kamar turmi. Ina buɗe baki mai kamfanin ya faɗo daga kujera."

"Ba kai ne yanzun nan ka ce duk wanda ya sa hannu a fim ɗin bai san darajar iyayensa ba?"

"Hannu na ce. Ni murya na sa."

Mudi mai faci ya matso, idonsa ya yi ƙwal-ƙwal. "Don Allah Haladu, ɗan yi mana. Ko kaɗan."

Haladu ya girgiza kai. "Na sa hannu a takarda..."

"Ka ga! Ka sa hannu!" in ji Jazuli.

"A takarda na ce, ba a fim ba. In na yi gurnani kafin fim ya fito, sai kotu. Kuma ko ba don haka ba, ina tausayinku. Ranar da na yi na gaske a Legas, gilashin motoci goma sha ɗaya ya tsage. Wata mai ciki a bene na uku ta haihu nan take. Sunana aka sa wa yaron, ko da yake mace ce."

Ka ce mutane za su yi dariya su watse? Ina! Kafin Azahar labari ya zaga tasha, ya shiga kasuwa, ya fita ta hanyar Zariya. Mudi ma a wajen yaɗa labarin ya manta da rantsuwarsa, aka gan shi gaban mai shinkafa da wake yana neman ƙarin yaji.

Daga ranar Haladu ya canza. Ana zafin bazara, ƙadangare ma na neman inuwa, shi kuwa ya naɗe wuya da mayafin ulu, wai kada iska ta taɓa maƙogwaro. Ya daina magana da ƙarfi, sai raɗa. In ka tambayi kuɗin tabarau, da yatsu zai nuna maka. Mai shayi ya riƙa aiko masa da ruwan zafi da zuma. Direbobi in sun sauke fasinja sai su nuna shi: "Kun ga wancan mai mayafin? Dodo ne." Mutane na tsayawa ɗaukar hoto da shi, shi kuma yana ɗaga hannuwa kamar zai damƙe su.

A ƙungiya kuwa aka fara ƙus-ƙus. Yaya za a ce muna da Damƙau da kansa a cikinmu, amma mai aski ke shugabanci? Aka tsayar da magana: ranar da aka kalli fim, ranar za a miƙa wa Haladu hatimi. Jazuli ya rame a tsaye. Askinsa ma ya fara karkacewa.

Zubainatu kuma, abin da bai taɓa faruwa ba, ta aika wa Haladu da alewar maƙogwaro. Da ya je godiya, ta yi masa murmushi har da sunkuyar da kai. Amma ta ƙara da cewa, "Ni dai burina in ga sunanka a jikin fim ɗin, Malam Haladu. Da idona. Ni zan karanta wa jama'a."

Haladu ya yi mata sallama.

Ya koma gida yana lissafi. Suna dai babu shi, ya sani. Amma in ya iya gurnanin, wa zai tsaya neman suna? Sai ya shiga banɗaki da rana tsaka, lokacin da yake zaton kowa ya fita. Ya kifa bokiti a ka don murya ta yi kauri. Ya cika ƙirji da iska.

"Ɓeeee-eee-ƙ!"

Ya sake. "Ɓeeeƙ! Ƙyaaa!"

Yana cikin na biyar sai ya ji ana dukan ƙofar gida, bam bam bam! Ya fito da sauri. Maƙwabcinsa ne, Malam Ilu, tsoho mai shekara saba'in, yana haki, da wuƙa tsirara a hannu.

"Ina take? Yi maza!"

"Wa, Baba?"

"Akuyar! Tun ɗazu nake jin tana shaƙewa. Kawo ta in yanka kafin ta zama mushe!"

Haladu ya ce ta warke. Bai ƙara gwadawa ba.

Ranar Asabar fim ya iso. Bayan Azahar aka taru a gidan kallon Malam Namadi, inda ake kallon ƙwallo. Wuri ya cika maƙil, ko allura ka jefa ba za ta kai ƙasa ba. Mata na gefe guda, Zubainatu a gabansu da littafin ƙungiya. Aka ajiye wa Haladu kujerar roba a gaba, har da matashi. Ya shigo da mayafinsa da baƙin tabarau, ana ta buɗa masa hanya.

Aka fara. Mai tumbi na fitowa aka yi masa ihu. Kula na fitowa takalmi ya tashi sama, Malam Namadi ya tsayar da fim ya ce duk wanda ya fasa masa talabijin a nan zai kwana. Aka ba shi haƙuri. Da aka nuna sauran dodannin, wani ya tashi ya ce shi ba zai iya ba, ya fita, ya zagaya, ya dawo yana leƙe ta taga.

Amma duk sanda Damƙau ya yi gurnani, sai wuri ya ɗauki tafi, kowa ya juya wajen Haladu. Shi kuma ya shafa maƙogwaro, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Can wajen ƙarshe, azzalumai sun taru a kan Damƙau, sun kai shi ƙasa. Sai goshinsa ya fara tsagewa. A hankali, a hankali. Ɓat! Ido na uku ya buɗe.

Wayyo jama'a! Benci biyu suka karye. Mudi ya rungume wanda ke kusa da shi yana kuka wiwi, yana cewa, "Sun mayar! Sun ji tsoron yajin cin abincina!" Wanda ke taga ya faɗo ciki. Mutanen da suka yi wata guda suna tsine wa kamfanin nan suka koma sa masa albarka har jikoki.

Fim na ƙarewa, sunaye suka fara hawa. Haladu ya yi zumbur ya miƙe, ya manta da raɗa.

"To jama'a, La'asar ta yi! A tashi a yi sallah! Namadi, kashe!"

"Saura minti ashirin da biyar," in ji Jazuli, ya je ya tokare ƙofa. "Namadi, kada ka taɓa. Sakatariya, bismillah."

Zubainatu ta matsa gaban talabijin, tana karantawa tana fassarawa. Mai ba da umarni. Mai ɗaukar hoto. Mai ɗinka kaya. Mai dafa abinci. Direba na ɗaya, direba na biyu. Mai riƙe wa mai tumbi lema.

Babu Haladu.

Gumi ya jiƙe mayafin ulu. Jazuli ya fara murmushi, irin wanda ba a gani a fuskarsa ba tun wata guda.

"Mai kula da janareta," in ji Zubainatu, muryarta na sanyi. "Mai share fili... Muryar Damƙau..."

Ta ƙara matsawa kusa da talabijin.

"Janar."

"Janar?" in ji Jazuli. "Janar wa?"

"Janar kawai aka rubuta."

Haladu ya ji kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya fizge tabarau, ya buga ƙirji.

"Ni ne! Sunan da suke kirana da shi ke nan a can! Mai kamfanin da kansa ya raɗa mini. Ya ce murya irin wannan ta wuce Kanar!"

"Janar! Janar! Janar!"

Aka ɗaga shi caɗak aka ɗora a kan benci. Jazuli ya saki ƙofa. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo hatimin ƙungiya, yana kallonsa kamar mai sallama da ɗansa. Zubainatu kuwa fuskarta ta washe, ta ce, "Janar, don Allah gaya mana, yaya kake yi muryar ke fita haka?"

Da ya yi shiru a nan, da ya ci. Amma Haladu ne.

"Ba a banza take fita ba," ya ce, yana kallon jama'a daga sama. "Sai ƙarti huɗu sun danne ni tukuna. Sannan akwai wani abu da ake yi mini, wannan sirri ne, ba zan faɗa gaban mata ba. Ana yi, sai ku ji ta taso tun daga ƙasa."

"Ba zafi?" in ji Mudi.

"Zafi? Daɗi ma nake ji! Sau goma sha bakwai aka yi mini a rana ɗaya. Suna cewa Janar ya isa, ina cewa a ƙara!"

Bai rufe baki ba talabijin ta sake haske a bayansa. Ashe akwai ɗan ƙarin da suka saka bayan sunaye. Wani saurayi ne da na'urar ɗaukar sauti a hannu, yana tsaye a wani fili mai rairayi, yana Hausa a karkace.

"Mutane da yawa suna tambaya, wane ne Janar? To, mun zo har Illela. Ga Janar!"

Hoto ya juya.

Raƙumi ne. Tsoho tukuf, gashinsa duk ya zube faci-faci, leɓensa na ƙasa na reto, yawu na dalala. Ya kalli jama'ar gidan kallon Malam Namadi, yana tuƙa, kamar ya san su.

Mai raƙumin, wani dattijo da rawani, ya matso yana dariya. "Ai Janar ba shi yin wanga kuka haka nan. Sai an zo cire mai kaska ƙarƙashin wutsiya. Ku taho, ku kama mini shi!"

Ƙarti suka shigo. Mudi, da bakinsa a buɗe, ya ƙirga da ƙarfi ba tare da ya sani ba: "Ɗaya... biyu... uku... huɗu."

Suka danne raƙumi. Dattijo ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya, ya ɗaga wutsiya.

Gurrrrr-hooooo-ɓurrrrr!

Shi ne. Ko ɗigo bai bambanta ba.

 Kai ɗari biyu suka juya a hankali, daga raƙumi zuwa Haladu, daga Haladu zuwa raƙumi. Shi kuwa yana tsaye ƙiƙam a kan benci, sama da kowa, ba wurin sauka don jama'a sun cika ko'ina.

"Ta... takwarana ne," ya ce. "Tare muka yi. Shi ya yi na farko-farko..."

Jazuli ya hura wa hatimi iska, ya goge shi da hannun riga, ya mayar aljihu a hankali.

Wani daga baya ya fara, "ƙiƙiƙi." Wani ya kama. Kafin ka ce me, gidan kallo ya fashe. Mutane na faɗuwa kan juna, Malam Namadi ya rungume talabijin ɗinsa yana hawaye, Mudi na birgima a ƙasa yana cewa, "Sau goma sha bakwai! Yana cewa a ƙara!"

Zubainatu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafin ƙungiya, ta gyara gyale, ta jira har hayaniya ta ɗan lafa. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi, cikin ladabi, da muryar nan tata ta shagon magani.

"Janar, gobe ka biyo ta shago, zan samo maka maganin kaska. Amma ƙartin huɗu, kai za ka zo da abinka."